Cokalin da Na Jefa a Wuta

Manchok,
ta hannun Malam Istifanus.

Zuwa ga autata Rifkatu, a gidan kawunki Danladi, Kafanchan.

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kin tashi lafiya, ke da kawunki da matarsa da yaran gidan duka. Ubangiji ya tsare kwanciyarki da tashinki, ya tsare ƙafarki a kan titin garin nan mai yawan motoci, ya sa ki cikin hannun mutanen kirki.

Kin san ban taɓa shiga aji ba, ko da na shiga ma yatsun nan ba za su riƙe alƙalami yanzu ba. Malam Istifanus, mai wa'azinmu, shi ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce masa ya sa maganata yadda ta fito daga bakina. Ya ce in ya yi haka zan mai da ke namiji kafin a kai ƙarshen takarda, gama Hausata ba ta raba mace da namiji. To, na yarda ya gyara wannan, amma kada ya taɓa sauran.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Matar kawunki ta aiko mini da saƙo cewa kin kwance akwatinki. Wai kin ce ba za ki hau jirgin ƙasa na Asabar zuwa Jos ba, makarantar koyon jinya ta haƙura, gama ba wanda zai ba Baba abinci. Kin san kuwa sun riga sun ɗaga miki ƙafa bara, ba za su sake ba. Ta kuma ce da kawunki ya gaya miki ya kawo mini kayan da zan riƙa taimakon kaina da su, sai kika ce, "Baba zai jefa su a wuta." Ban ji haushi ba, Auta. Kin gani da idonki kina yarinya. Abin da kika gani gaskiya ne, sai dai ba ki san daga inda ya taso ba. Zauna ki ji.

Tun ina yaro, kafin a shimfiɗa ƙarfen jirgi ta gefen garinmu, ƙanin ubana Bako ya kamu da kuturta. Aka yi masa bukka a bayan dutse. Mukan kai masa abinci mu ajiye a kan falalen dutse, mu ƙwala masa kira, mu juyo da gudu. Wannan bai dame ni ba sosai a lokacin, yaro ne ni. Abin da na gani daga baya shi ne 'ya'yansa mata. Lafiyayyu ne, kyawawa, sun iya noma, amma suka tsufa a gida, ba wanda ya taɓa kawo ko kaza don neman aurensu. Da 'yan mishan suka buɗe wurin kula da kutare, aka kai shi can, na je gaishe shi da doya. Na tarar da su suna cin abinci, kowa da cokali mai kaurin mariƙi, an ɗaure masa shi a hannu da fata. Mutane suna zuwa wurina su tambaye ni iyakar gonar kakanninsu da sunan wanda ya haifi wane, don ba na mantuwa. Wannan cokalin ma ban manta da shi ba, shi ya cuce ni.

Ciwon uwarki Saratu ya fara da safiya. Takan tashi hannu a sandare, sai rana ta ɗaga kafin ya saki. Daga nan gaɓoɓin suka kumbura, yatsun suka karkace gefe guda kamar citta da aka tono. Sistar ɗakin magani ta duba ta ce ba kuturta ba ce, ciwon gaɓoɓi ne, ba a ɗauka, ba ya kuma warkewa. Ni na ji. Amma mutanen gari ba su je ɗakin magani ba, hannu suke kallo. Ina kuwa da yayyenki mata a gida, ga ki kina tasowa.

Ran nan na dawo daga gona na ji dariya a tsakar gida, irin dariyar da na daɗe ban ji ba. Kawunki ne ya zo daga Kafanchan. A wurin aikinsu na gyaran jirgi ya sami guntun katako ya sassaƙa, ya cusa cokali a ciki, ya naɗe da robar cikin tayar keke, ya bar madauki inda hannu zai shiga. Uwarki tana shan gwaten acca da kanta, yana zuba a haɓarta, tana dariya. Watanni ke nan rabonta da kai abinci baki da hannunta.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Kawunki ya ce, "Cokali ne, Yaya Ayuba. Ko idon ma ya fara tsufa?"

Na ce, "Cokalin kutare a gidana?"

Ya ce, "Cokalin mai jin yunwa ne. Kuturu da mai lafiya duk baki ɗaya suke ci da shi."

Na ce, "Kai za ka koma Kafanchan da yamma. Ni zan zauna da bakin mutane. Mace ɗaya ta leƙo ta ga wannan, gobe a kasuwa an ce matar Ayuba ta kuturce. Wa zai auri 'ya'yana? Kai?"

Na zare shi daga hannunta. Ban zare da ƙarfi ba, amma ta yi 'yar ƙara, gama hannun ba ya son taɓi. Na jefa a murhu. Warin robar ya cika gidan har washegari. Kawunki ya ɗauki hularsa ya fita bai yi sallama ba. Uwarki ta dubi sauran gwaten a ƙwarya. Ke kina tsaye a bakin rumbu.

Kin san abin da ya biyo baya, gama a kanki ya faɗi. Na cire ki daga makaranta don ki riƙa ba ta abinci a baki. Da kika koma daga baya kin girme kowa, yara suna kiranki Maman Aji, kina dawowa gida ba ki faɗa mini ba, a bakin wasu na ji. Yayyenki kuwa sun yi aurensu, ba wanda ya ko tambayi hannun uwarsu. Abin da na ji tsoro bai zo ba. Abin da ban duba ba shi ya zo.

Wata rana kin tafi niƙa, na ɗauki ƙwarya na ce bari in ba ta da kaina. Ta kau da kai. Ta ce, "Baban Yohanna, kai ka ji kunya rana ɗaya ka ƙone cokali. Ni kullum sai na buɗe baki kamar ɗan tsuntsu a gaban 'yar da na haifa. Wace kunyar ce ta fi nauyi?" Kin san me na amsa? Na ce, "Ci abinci, kin cika magana." Daga lokacin ne ta fara cewa ta ƙoshi bayan loma kaɗan. Ke kina tsammani ciwon ne ya hana ta ci. Ba ciwon ba ne. So take ki tashi ki je wurin 'yan'uwanki yara.

Don haka ga maganata ta fari. A can za a koya miki wanke majiyyaci, da juya shi, da ba shi abinci. Ki koya da kyau. Amma kafin ki yi wa mutum abu, ki tambaye shi wanne yake so ya yi da hannunsa. Ko zai ɓata riga, ko zai daɗe har abincin ya huce, ki bar shi. Ki tsaya kusa kawai. Ni na ɗauka duk wanda ake yi wa komai shi ne ɗan gata. Ban san ana iya kashe mutum da hidima ba. Kada kuma ki raina abu don kin fara ganinsa a hannun wanda ake ƙyama.

Na biyu, kujera. Kin tuna kujerata mai hannuwa da kafintan mishan ya yi mini da aka naɗa ni dattijon ikkilisiya. A wurinmu mace ba ta zama a kujerar maigida, ba wanda ya taɓa hanawa da baki, haka muka tarar. Uwarki kuwa a kan 'yar guntuwar kujerar mata take zama, in ta zauna gwiwa ba ta ɗaga ta sai an kama ta. Sau da yawa takan dubi tawa ta ce, "Wannan kujerar taka tana da sauƙin tashi." Ni kuma in ce, "I, kafintan ya iya aiki," in wuce. Ashe roƙo take yi. Shekara da shekaru muna tare, ban san yadda matata take roƙo ba.

Ranar da aka yi gayya a gonar abokina Gambo, kowa ya tafi. Ke kin zaunar da uwarki a rana don ɗumi yana yi mata daɗi, kika tafi kai wa masu noma kunu. Hadari ya taso daga bayan duwatsu, kin san ruwan ƙasarmu ba ya ba da sanarwa. Aka yi ta zuba. Ta yi ƙoƙarin tashi ta kasa, ta yi ƙoƙarin rarrafe hannu ya ƙi. Ta zauna a nan, ƙofar ɗaki tana gabanta. Dudu, Bafulatanar nan mai kawo mana nono, ita ta shigo fakewa ta same ta, ta sungume ta ta kai ɗaki, ta hura wuta. Da na dawo Dudu ta tare ni a ƙofa, ba gaisuwa.

Ta ce, "Kai ne dattijon coci?"

Na ce, "Ni ne. Lafiya?"

Ta ce, "Kujera tana ɗaki a bushe, mace tana waje a jiƙe. Mu ko saniya ce ta kasa tashi, muna kafa mata itace ta jingina. Wannan wane irin karatu ne ake yi muku ran Lahadi?"

A ranar na fito da kujerar na ba uwarki. Ta zauna, ta dafa hannuwan ta tashi, ta sake zama, ta sake tashi, kamar yarinya da sabon wasa. Amma sanyin ruwan nan ya riga ya shiga ƙirjinta, tari bai sake ta ba har ta koma ga Ubangiji. Ban ce ruwan ne ya kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Na dai san ta yi shekaru tana kallon kujerar da ba kowa a kai.

Auta, masu ciwo da yawa ba sa roƙo kai tsaye, balle tsofaffin mata irin na ƙasarmu. Za ta ce miki, "Wannan tagar tana da kyau," alhali iska take so. Za ta ce, "Ke kam kina da ƙarfi," alhali so take ki ɗaga ta. Ki kasa kunne ga abin da ke bayan magana. In kuma Ubangiji ya kawo miki miji wata rana, kada ki duba takardar makarantarsa kawai. Ki lura ko yana jin irin wannan maganar.

Kada ki ce ban yi wa uwarki komai ba. Na yi, amma ba inda take bukata ba. Na kai ta aka yi mata ƙaho har bayanta ya zama tabo. Na kai ta wurin mai sakiya. Na goya ta a keke zuwa wurin wani mai saiwoyi a hanyar garin Gidan Waya, kowace gargada tana cije leɓe. Na tara dattawa suka yi azumi. Warkewa nake nema, gaba ɗaya, ta tashi ta ɗauki garma kamar da. Duk abin da bai kai wannan ba na raina shi. Ita kuwa ba ta taɓa ce mini in warkar da ita ba. So take ta ɗaura zanenta, ta sha ruwa ba tare da ta kira kowa ba, ta je bayan gida ba 'yar rakiya. Za ki haɗu da ciwon da likita ma zai girgiza kai. Kada ki juya baya ki ce ba abin yi. A nan ne aikin yake farawa, ƙanana ƙanana.

Sai ga ciwon ya zo kaina. Wasu suna cewa a wurinta na ɗauka, wasu suna cewa alhaki ne. Ni na ce garma ce da ruwan damina da tsufa. Kin ga yadda na yi. Na ɓoye hannuwana cikin riga, na bar maɓalli a buɗe na ce zafi nake ji, na mai da ke hannuna kamar yadda na mai da ke hannun uwarki. Akwai kuma wanda ko ke ba ki sani ba. Kin tuna na daina zuwa sujada duk ranar Jibin Ubangiji? Ɗan ƙoƙon nan ne na gilas da ake miƙa wa kowa ya sha. Ƙarami ne, yatsuna ba sa kama shi. Na ji tsoro ya suɓuce ya fashe a gaban jama'a, abu mai tsarki ya zube a ƙasa.

Yanzu Malam ya ajiye alƙalami yana kallona. Na ce ya ɗauka ya rubuta abin da ya faɗa, kada ya rage. Ya ce, "Au! Ayuba, Allah ya shirye ka! Ni ina ta binciken zuciyata ina neman laifin da na yi maka. Har matata ta ce in kai maka zakara in ba ka haƙuri a kan maganar iyakar gonar coci." Na ce, "Ina zakaran?" Ya ce, "Mun cinye, da muka ga taurin kanka ba na zakara ɗaya ba ne." Ya ce da na buɗe baki, da ko a ƙwarya ya kawo mini, gama ba a rubuta girman ƙoƙo a Littafi ba. Mun yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa, nawa ma. Na hana kaina teburin Ubangiji, na sa abokina ya kwana da damuwa, duk don kada in ce, "Ba na iyawa."

Wannan maganar taki ce musamman, gama kaina kika ɗauko, ba na uwarki ba. A Jos za a yi Turancin da zai wuce ki. Za a yi ranar da za ki ga jini ƙafarki ta yi sanyi. Za ki yi kewar gida har abinci ya ƙi shiga. Ki faɗa. Ki sami babbar sista ko wata 'yar'uwa a zumuntar mata ki ce, "Ban gane ba, a sake nuna mini." Kada ki ɓoye hannunki cikin riga kamar ubanki.

Yanzu bari in gaya miki yadda nake, gaskiya tsakanina da Allah, ga Malam shaida.

Washegarin tafiyarki Kafanchan, Ladi matar ɗan wana ta kawo tuwo ta ajiye ta tafi gona. Na zauna da shi. Na kai hannu in yanki loma, yatsu suka ƙi haɗuwa. Na gwada da hagu. Daga ƙarshe na rufe ƙofa, na ɗaga akushin da gaɓar hannu biyu, na sa baki a ciki kamar kare. Ina ci ina tuna uwarki. Da na gama na aika a kira mini kawunki. Ni na aika, Auta, ba shi ya kawo kansa ba. Rabon da ya taka gidan nan tun ranar jana'izar uwarki.

Ya zo ran Lahadi da buhu a kafaɗa, ya zube a gabana. Ya ce, "Yaya Ayuba, na kawo wa murhunka itace. In za ka ƙone, fara da wannan, ya fi kama wuta." Ya miƙo mini cokali irin na wancan karon. Na ce, "Ko ina so in jefa, hannun ba zai kai murhu ba." Ya sa mini madaukin a hannu. Ya juya baya ya shiga ɗaura igiya a azarar ɗaki, ya daɗe yana ɗaurin nan fiye da yadda igiya take bukata.

Da igiyar nake tashi daga gado yanzu, ya yi mata ƙulli ƙulli inda zan rataya hannu. Gadon ma ya ɗaga ƙafafunsa da guntayen katako. Ya huda tsohuwar kujera ya kafa a kan masai, ya sa ƙarfe a bango, ba na tsuguno kuma. Wannan ban so a rubuta ba, amma ke mai jinya za ki zama, kuma na san shi ya fi damunki. Matarsa ta cire zariyar wandunana ta sa roba, ta ɗinke gaban riguna sai dai in zura ta kai. Mabuɗin kwaɗo ya soka masa doguwar ƙusa, da tafin hannu nake murɗawa. Akwai moɗa mai kunne biyu. Ya so ya tafi da garmata wai kada in gani in yi sha'awa, na ce in ya taɓa ta zan tuna masa shekarar da ya gudu daga gonar surukai da ciwon cikin ƙarya. Ya bar ta. Amma ya yi mini 'yar fartanya mai doguwar ƙota, ina tsaye nake cire ciyawa a gindin barkono.

Ranar godiyar kaka aka yi tuwo a harabar majami'a. Na sa cokalina a aljihu tun daga gida, ina jin nauyinsa kamar dutse. Da aka ajiye mana akushi mu dattawa, na fito da shi na zura hannu. Kin san a wurinmu namiji ba ya cin tuwo da cokali. Gambo ya buɗe baki ya ce, "Jama'a, ku zo ku gani, Ayuba ya zama Bature! Sai a kawo masa tebur da tawul." Na ce, "Kai da ke ci da hannu, rabin miyar tana gemunka." Aka yi dariya. Wani yaron kirki ya fara cewa, "Ai irin wannan na gani a wurin..." sai ya haɗiye sauran. Na ce, "Ƙarasa. A wurin kutare ka gani. A can ni ma na fara gani. Sun riga mu wayo."

Sai Kaka Tani, ƙawar uwarki, ta taso daga wajen mata tana jan ƙafa. Ta tsaya a kaina tana kallon cokalin. Ta ce, "Ina ma an yi wa Saratu irinsa." Ba ta san komai ba, da zuciya ɗaya ta faɗa. Na ce, "An yi mata, Tani." Ta daɗe tana dubana, sannan ta fito da hannuwanta daga cikin mayafi, ashe su ma sun karkace, ba wanda ya sani. Ta ce, "In Danladi ya sake zuwa, ka ce ya yi mini." Ki gaya wa kawunki, kada ya manta.

Ba zan yi miki ƙarya in ce komai ya yi daidai ba. Safiya tana da wuya, in an kwana da ruwa sai rana ta yi sama kafin in zama mutum. Ba na iya aski, Gambo ke yi mini, yana yanka ni yana ba ni laifi. Ladi ce ke dafa abinci, miyarta ba gishiri, ban faɗa mata ba tukuna amma zan faɗa. Gidan ya yi shiru. Yayanki Yohanna ya tafi yaƙi bai dawo ba, yayyenki suna gidajensu, uwarki tana bayan majami'a. Nakan ji motsi in ce, "Auta," sai in ga kaza ce. Wannan kam kawunki ba shi da abin da zai ƙera mini. Amma kewa ba ciwo ba ce da za a cire yarinya daga makaranta dominta. Na ci shekarunki sau ɗaya don tsoron bakin mutane. In na sake ci don tsoron zama ni kaɗai, ban san da wace fuska zan sadu da uwarki ba.

Saboda haka ki ɗaure akwatinki. Ki bar matar kawunki ta taya ki, ki saurari abin da za ta gaya miki na zaman birni, ta fi ni sani. Can akwai sanyi, ki sayi rigar sanyi ko da ba ta da kyau. Kada ki bar sujada. Ki gai da masu shara da masu wanki kamar yadda za ki gai da likita.

Saura abu ɗaya. Jirgin Jos ta nan yake bi, yakan tsaya a Manchok ɗan lokaci kaɗan. Na san ki. Za ki ga rufin majami'a da itatuwan mangwaro, zuciyarki ta ce ki sauka ki duba ni kawai, ki hau na wani mako. In kin sauka ba za ki sake hawa ba, mu biyu mun sani.

Kwanakin nan ina koyon tafiya da sanda. Na fara kai majami'a, sannan kasuwa. Jiya na kai tasha na dawo, na huta a hanya amma ban faɗi ba. Ran Asabar zan zo da ƙafata, ba wanda zai riƙe ni, na hana Malam ma rakiya. Ki zauna ta tagar da ke kallon tasha. Za ki gan ni a tsaye, cikin rigar da na sa da kaina. Tafin hannuna ba ya buɗewa balle in ɗaga miki, sandan zan ɗaga. Ki dube ni da kyau, ki ƙoshi. Kada ki sauko gaishe ni, na yafe miki durƙuson ranar. In kin ga ina share ido, ki bar ni in share, wannan ma ina iya yi da kaina.

Ban taɓa ce miki ki yafe mini ba, bakina bai saba ba. Ba sai kin amsa da takarda ba. In jirgi ya tashi kina ciki, na ji amsar.

Ki gai da kawunki da iyalinsa. Malam da matarsa suna gaishe ki, Ladi ma, Dudu ta ce a ce miki ki dawo da allura mai kyau. Ubangiji ya tsare ki daga haɗarin hanya da mugun abokin tafiya. Ya ba ki kai mai ɗaukar karatu da hannu mai taushi. Ya riƙe ki a wurin zamanki, ya wuce da ke Manchok, ya sauke ki Jos lafiya. Amin.

Ni ne ubanki,
Ayuba.